Kwanon tsoho da garkuwar jikinsa: yadda za a ciyar da dattawa kafin mura ta zo da bayan ta zo

Daga ƙarshen watan Nuwamba, da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Zariya, mura kan bi gida ɗaki-ɗaki. Jika ya kwaso ta a islamiyya, ya yi kwana uku yana jan majina ya warware. Uwarsa ta yi mako guda. Da ta faɗa kan kaka, sai wata ya kusa cika ba ta dawo daidai ba, wani lokacin ma sai an kwana a asibitin Shika. Cutar ɗaya ce, jikin da ta tarar ne ya bambanta. Shekaru dai ba a rage su. Amma akwai wani kaso na wannan rauni da yake hannunmu, kuma yana cikin kwanon da muke kai wa tsoho sau uku a rana.

A yawancin gidajenmu ba rowa ke ramar da tsoho ba, tausayi ne. Haƙori ya zube, sai a ce a ba shi mai laushi: koko da safe, shayi da burodi da rana, da dare tuwo da ruwan miya, naman kuma a tura wa yara tunda ba ya iya taunawa. Ciki ya cika, amma abin da jiki ke ƙera garkuwa da shi bai shiga ba.

Abin da tsufa ke yi wa garkuwar jiki

A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar gaɓa da likitoci ke kira taimus. Nan ake horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin T, masu farautar duk inda bairos, irin ƙwayar cutar da ke kawo mura, ya shiga ya ɓuya. Tun daga balaga taimus take fara motsewa, kafin a tsufa yawancinta ya koma kitse. Sai jiki ya zama kamar unguwar da 'yan sintirinta duk tsofaffin hannu ne: sun san ɓarayin da, amma an daina ɗaukar sababbi, in baƙon ɓarawo ya shigo sai ya gama ɗiba kafin a gane shi. Shi ya sa sabuwar cuta ta fi kayar da dattawa. Ba mu manta da watan Afrilun 2020 ba, yadda manya suka riƙa rasuwa a Kano lokacin korona. Ko murar nan mai zazzaɓi da ake rainawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara, kuma tsofaffi na sahun gaba.

Ƙari a kan haka, tarin tsoho ba shi da ƙarfin fitar da kaki, ƙishirwa ba ta taso masa da wuri, ɗanɗano da ƙanshi sun ragu, ciki kuma ba ya tsotse wasu sinadarai kamar da. Abinci ba zai mayar da ɗan 75 ɗan 30 ba. Abin da zai yi shi ne hana yunwar ɓoye ta haɗu da tsufa su taru a kan jiki ɗaya.

Mataki na farko: a auna kafin a fara

Ido yana ruɗi, musamman ga wanda kuke tare kullum, ga babbar riga ga zani. A samu sikeli, ko a kemis ko a ɗakin shan magani na unguwa, a auna nauyinsa a rubuta a takarda da kwanan wata. A maimaita duk wata. In ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata uku zuwa shida ba da niyya ba, wato mai kilo 60 ya koma 57, wannan ba tsufa ba ne kawai, magana ce ta likita.

In babu sikeli, tef ɗin tela ya wadatar. A zaunar da shi a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, a zagaya tef a wurin da sharaɓa ta fi kauri, ba tare da an matse ba. Ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta zaizaye. Sai dai in ƙafa ta kumbura awon ba zai faɗi gaskiya ba. Akwai kuma alamun da matan gida suka fi kowa lura da su: zobe ya fara zamewa, agogo na yawo a hannu, tashi daga tabarma sai an dafa bango, kwano na dawowa da rabin tuwo.

Me ya haɗa tsoka da mura? Idan cuta ta kama mutum, jiki na buƙatar sinadarin gina jiki, wato furotin, da gaggawa don ƙera sojojinsa. In bai samu a abinci ba, daga tsoka yake yanka. Wanda ya shiga jinya da tsoka a jikinsa yana da ajiya. Wanda ya shiga a rame ba shi da inda zai ɗiba.

Mataki na biyu: a duba baki

Kafin a ce "Baba ba ya son abinci," a leƙa bakinsa da tocila. Haƙori mai girgiɗi, dasashi mai jini, farin abu a harshe, haƙorin roba da ya yi yawa, kowannensu na iya hana cin abinci, kuma tsoho sau da yawa ba zai faɗa ba, kunya yake ji. A goge baki safe da dare, ko da buroshi mai laushi ko asuwaki, ko da kuwa haƙori biyu suka rage. Ƙwayoyin cutar da ke taruwa a baki su ne kan zurara huhu su zama nimoniya bayan mura ta raunana mutum. In yana yawan ƙwarewa da ruwa, ko muryarsa na canjawa bayan ya haɗiye, a gaya wa likita.

Mataki na uku: lissafin furotin

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai. Babban mutum mai ƙuruciya yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Tsoho ya fi haka buƙata, ba ƙasa ba, domin jikinsa ba ya juya abinci ya zama tsoka da sauƙi. Masana abincin dattawa sun tsaya a kan giram 1 zuwa 1.2 ga mai lafiya, 1.2 zuwa 1.5 ga mai jinya ko mai murmurewa. Dattijo mai kilo 60 ke nan yana neman giram 60 zuwa 72 kullum. Togaciya ɗaya ce mai girma: mai ciwon ƙoda ba ya cikin wannan lissafi, nasa ma'aunin likitansa ne zai yanka masa.

To a duba abin da muke bayarwa. Kofin koko zalla da ƙyar ya ba da giram 2 ko 3. Ƙwai guda yana da kusan 6. Kofin madara ko kindirmo kusan 8. Kofin dafaffen wake kusan 13. Nama ko kifi da ya kai girman tafin hannu, ban da yatsu, ya haura 20. Gyaɗa, kusan kwatan nauyinta furotin ne, ƙuliƙuli ma ya fi, tunda an matse mai. Idan aka tara abincin tsohon da ke rayuwa kan koko, shayi da tuwo da miyar kuka mara nama, da wuya ya kai rabin abin da ake nema.

Ga yadda yini ɗaya zai iya kasancewa ba tare da an fasa asusu ba. Da safe koko da aka zuba wa madarar gari cokali uku, da ƙosai huɗu ko alale ɗaya, da dafaffen ƙwai: an kusa 20. Da rana faten wake ko shinkafa da wake, wake ya rinjayi shinkafa, da ɗan kifi da aka cire wa ƙaya: an haura 20. Da la'asar kofin kindirmo, da fura kaɗan ko ba fura. Da dare malmalar tuwo ƙarama da miyar taushe mai gyaɗa sosai da dakakken kifi busasshe. An kai inda ake so. A lura an raba shi ne sau uku zuwa huɗu. Tara nama duka a tuwon dare ba ya aiki kamar rarraba shi, jikin tsoho ɗan kaɗan-kaɗan yake karɓa.

Maganar tauna kuwa, turmi da injin markaɗe sun raba gardama. Nama a dafa shi ya yi lugub a daka, a mayar cikin miya. Kifin banda a gyara shi tsaf, a daka ya zama gari, a ajiye a kwalba, duk miyar da za a zuba wa Inna a barbaɗa cokali guda. Ƙuliƙuli a daka a yi kwaɗon zogale ko na rama da shi, a yayyafa ruwa ya yi laushi. Awara, in ba a soya ta ta bushe ba, tana daga cikin abin da ya fi dacewa da bakin da babu haƙori, a jefa ta cikin miyar tumatir ta tsotse. Mai cewa wake na kumbura masa ciki, a jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, a surfe, a yi masa alale. Kuma a yi hattara da romo: ruwan farfesu yana da daɗi yana kuma buɗe ciki, amma furotin ɗin yana jikin naman da aka tsame aka ba wani.

Akwai garin kunun nan da ake haɗa wa yara masu tamowa, wanda ban ga dalilin da zai hana a yi wa kakanninsu ba. Gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Waken suya a jiƙa, a cire ɓawo, a shanya, a soya sama-sama har ƙarnin ya fita, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Hatsin da gyaɗar ma a soya su daban-daban, a haɗa a kai inji. A dama da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa, a bar shi ya dahu minti goma ana juyawa. Ya yi kauri, kada ya zama tsararo. Wanda ya gaji da cin abinci zai iya shan wannan, kuma kofi ɗaya ya ninka koko sau da yawa.

Duk waɗannan kayan a ƙofar gida suke. Wake da gyaɗa da waken suya cike suke a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada da ta Samaru. Garin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin wake SAMPEA da irin gyaɗa SAMNUT, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kuma ta fitar da kazar ƙwai ShikaBrown, bai kamata a ce tsofaffinsa na kwana da yunwar furotin ba.

Mataki na huɗu: miya, ganye da 'ya'yan itace

Bayan furotin sai ƙananan sinadarai, waɗanda kaɗan ake buƙata amma rashinsu na gurgunta garkuwa. Zink yana kan gaba: namiji na neman miligiram 11 a rana, mace 8. Yana cikin nama, hanta, kifi, wake, gyaɗa da riɗi. Matsalar ita ce hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai riƙe zink da ƙarfen jini ya hana hanji tsotsa. Jiƙawa, tsirarwa da barin abu ya yi tsami suna karya shi. Ashe iyayenmu da suke jiƙa gero ya kwana kafin a yi gasara, suke kuma sa daddawa a miya, suna kan hanya. A ci gaba da haka.

Bitamin A shi ke kula da fatar cikin hanci da maƙogwaro da huhu, wato ƙofar da mura ke bi. Kabewa, karas, zogale, alayyafo, mangwaro, gwanda da manja duk suna da shi, kuma sai da ɗan maiƙo jiki ke ɗaukarsa, don haka kwaɗo ba mai bai cika ba. Hanta ta fi kowa, amma sau ɗaya a mako ya isa. Man girki da sukari da fulawa na kamfani doka ta wajabta a ƙara musu bitamin A a Najeriya, a duba alamar ido a jikin leda ko galan.

Bitamin C kuma zafi ke kashe shi. Ganyen da aka tafasa awa guda da kanwa aka matse aka zubar da ruwan, launi kawai ya rage. A sa alayyafo a ƙarshen girki, a rage kanwa, dama ita ma gishiri ce a ɓoye ga mai hawan jini. Gwaiba ɗaya ta biya buƙatar yini har da ragi, in 'ya'yanta na damun haƙori a kankare tsokar da cokali. Lemun zaƙi, gwanda, da garin 'ya'yan kuka da ake kwalba da nono da shi duk suna yi. Da rani, lokacin da lambunan bakin kogin Galma ke fitar da tumatir da karas da kabeji da araha, babu uzuri.

Biyu sun rage da suka fi shafar tsufa. Bitamin B12 daga abincin dabba kaɗai ake samunsa, nama, kifi, ƙwai, nono, kuma cikin tsoho ba ya tsotsarsa sosai. Mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metfomin ya fi shiga haɗarin rashinsa. In ana jin dindiris a ƙafa, ga mantuwa ga kasala, a nemi gwajin jini. Sai bitamin D, wanda fata ke ƙerawa da hasken rana. Za a ce ai rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Haka ne, amma tsohuwar da ke wuni a ƙuryar ɗaki, sanyi ya sa an rufe taga an lulluɓe ta da bargo, ba ta ganin ranar nan. A fito da ita tsakar gida da hantsi, minti 20 zuwa 30, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Hirar da za ta yi da jikoki a wurin ma wani magani ne, mai cin abinci cikin mutane ya fi mai ci shi kaɗai ci.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. In tsoho ya ce miya ba ta da daɗi, harshensa ne ya dushe, a ƙara daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da ɗan lemun tsami maimakon gishiri. Shayi mai kauri da goro a raba su da lokacin cin abinci da kamar awa guda: shayi na hana tsotsar ƙarfen jini, goro na kashe yunwa.

Mataki na biyar: ruwa

Mace tsohuwa na buƙatar aƙalla lita 1.6 na abin sha a rana, namiji lita 2, wato ledar ruwa uku da ɗan ƙari zuwa huɗu. Kunu, shayi, romo da nono duk suna cikin lissafi. Kada a jira ya nema. Dabara mafi sauƙi ita ce a ɗaura shi da salla: kofi ɗaya bayan kowace salla, ɗaya da kowane abinci. Da yawa suna ƙin sha ne don tsoron fitsarin dare ko yawan sake alwala, to a tura yawancin ruwan zuwa safe da rana. Fitsari mai duhu da bushewar harshe alama ce bai isa ba. Zoɓo yana saukar da jini, mai shan maganin hawan jini kada ya mai da shi ruwan sha. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ya tsaya inda aka ce.

Azumi kan faɗo da zafi ko da sanyi. Dattijon da ke fama da zazzaɓi, ko ya rame, ko sugansa na hawa da sauka, shari'a ta yi masa rangwame, ramuwa ko ciyarwa. Sau da yawa ba zai karɓa daga bakin 'ya'yansa ba. A nemi malamin da yake jin nauyi ya gaya masa.

Mataki na shida: tsabtar abin da ake ci

Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta da raunana garkuwa, kuma wuta ba ta kashe ta. A tsince masu baƙi da masu ɗaci a zubar, kada a ce a yi ƙuli da su. Madarar shanu ɗanya a tafasa. Ɗumame ya yi zafi har ciki. Hatsi da gari a rufe su a mazubi mai murfi saboda ɓera, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi.

Mataki na bakwai: kwalabe, ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe

Ra'ayina a nan ba zai yi wa masu kemis daɗi ba. Kuɗin da ake kashewa a kwalbar "maganin ƙarin jini" da "mai ƙara garkuwa" in aka sayi kiret ɗin ƙwai da mudun wake da su, tsoho ya fi amfana. Ƙwayar bitamin tana taimakon wanda ke da rashi ne, ba ta ƙara wa wanda ya wadatu komai. Zink in ya wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci shi kansa yana raunana garkuwa. In likita ya rubuta bitamin D ko B12, a sha yadda ya ce, a kuma duba lambar NAFDAC.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin sa cin abinci da ƙiba da ake haɗawa a leda. Sau da yawa akwai deksametazon ko firedinisolon a ciki. Fuska za ta cika, a ce Hajiya ta murmure, alhali maganin danne garkuwar jiki yake yi, yana ta da suga da hawan jini, yana cinye tsoka da ƙashi. Ba a shansa sai da umarnin likita, wanda ya daɗe a kai kuma ba a yanke masa rana ɗaya.

Zuma tana sassauta tari, citta da kanumfari da lemun tsami a ruwan ɗumi suna daɗaɗa maƙogwaro, ba laifi, mai suga dai ya lissafa zumar. Amma sassauci daban, kashe bairos daban. Jiƙon da ba a san ma'auninsa ba, ƙodar ɗan 70 ba ta da ƙarfin gwaji. Sirace kuma a kula, jiri kan ɗebi tsoho ya faɗa kan tukunya.

Abinci ba ya maye gurbin allurar rigakafi. A tambayi likita game da ta korona da ta murar shekara-shekara, a kuma tabbatar jikoki sun cika nasu, tunda su ne ke shigo da yawancin abin da ke kama kakanni. Yaro mai mura ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga ɗakin kaka, kuma kada su sha a moɗa ɗaya.

Mataki na takwas: idan cutar ta riga ta shigo

Abu na farko, tsoho yana iya kamuwa da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Wani lokaci alamar kawai ita ce ya rikice, yana kiran sunan waɗanda suka rasu, ko barci ya yi yawa, ko ya faɗi, ko ya ture kwano. Kada a ce ruɗin tsufa ne in jiya lafiyarsa ƙalau. In akwai zazzaɓi a yi gwajin maleriya kafin a sha komai. Antibayotik ba ya kashe bairos, shansa kan mura sai dai ya jawo gudawa ya ƙara kashe cin abinci, likita ne zai gane in bakteriya ta biyo baya.

Ciyarwa a wannan hali sai da haƙuri. A manta da sau uku, a koma sau shida ko bakwai, kaɗan-kaɗan, duk awa biyu zuwa uku. Babban kwano cike da tuwo yana karya zuciyar mara lafiya tun kafin ya sa hannu, a kawo a ɗan ƙaramin faranti. Kowane cokali ya zama mai nauyi: kunun gyaɗa da madara, ƙwai da aka kaɗa cikin kunu yana kan wuta har ya dahu, faten dankali da dakakken kifi, kindirmo da ayaba, ɗan man shanu ko man gyaɗa a kan fate. A tashe shi zaune sosai, a jingina shi da matashi, ba a ba mutum abinci a kwance. Bayan ya gama ya zauna rabin awa kafin ya kishingiɗa. Kuma a bar faɗa. "Baba, ku daure ku ƙara cokali biyu, sai in ɗauke," ya fi "in ba ku ci ba za a kai ku asibiti" aiki nesa ba kusa ba. Wanda ya fi shiri da shi a gidan, ko autarsa ko wata jika, shi za a ba cokalin.

In akwai amai ko gudawa a haɗa ruwan gishiri da sukari: ko ƙunshin ORS na kemis, ko lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali. A riƙa kurɓa. Mai shan maganin suga ko na hawan jini da ya daina ci da sha, a kira likita a ranar, domin wasu magungunan sai an dakatar ko an rage. Don zazzaɓi da ciwon jiki farasitamol ya fi aminci, kada ya wuce giram 3 a rana ga tsoho, ramamme ma ƙasa da haka, a kuma duba ko maganin murar da aka saya yana ɗauke da shi a ciki. Diklofenak da ibufurofen suna taɓa ƙoda da gyambon ciki, a nisance su.

Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa, hayaƙinsa kuma na ƙara wa huhu wahala, a ɗumama ɗakin a fitar da shi, a bar taga a ɗan buɗe. 'Yan dubiya su yi daga ƙofa, su taƙaita. Zumunci ne, amma mutum goma a ɗaki ɗaya suna tari ba alheri ba ne ga mai jinya ko gare su.

Ba a jiran gari ya waye idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi na sauri, sama da 24 a minti in an ƙirga yana hutawa, ko yana kasa ƙarasa magana, ciwon ƙirji, rikicewa ko wuyar tashi daga barci, yini guda bai sha komai ba ko fitsari ya ɗauke, na'urar yatsa ta nuna iskar jini ƙasa da 92, ko ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo da kaki mai launi. A nufi asibiti mafi kusa, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Shika, da duk magungunan da yake sha a leda. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da ciwon maƙogwaro ko zubar jini, a faɗa wa ma'aikata a yi tunanin Lassa, lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da suka fito a ɓari ɗaya na jiki kamar ɗamara, ƙwayar ƙarambau ce ta yarinta ta farka saboda garkuwa ta yi sanyi, maganinta ya fi aiki in an fara cikin kwana uku.

Mataki na tara: bayan an tashi

Nan gidaje da yawa ke sakin jiki, an ce alhamdu lillahi zazzaɓi ya sauka, sai a koma koko. Alhali yanzu ne jiki ke neman biyan bashi. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2007 ya nuna dattawa masu lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Mai jinya ya fi haka asara, kuma dawowarta na ɗaukar makonni ko watanni.

A riƙe ma'aunin furotin na giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na aƙalla wata guda, a ƙara ƙwai ɗaya da kofin kindirmo a kan abin da aka saba. Abinci kaɗai ba ya zama tsoka sai an motsa ta: tashi da zama daga kujera sau biyar zuwa goma, safe da yamma, wani na tsaye kusa, zagaya tsakar gida, daga baya takawa zuwa masallacin unguwa. A sake hawa sikeli bayan mako biyu, sannan bayan wata. In nauyi bai fara dawowa ba, ko tari ya wuce mako biyu, ko ana gumin dare, a koma asibiti a nemi gwajin tarin fuka da na suga. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.